Kujerar da Na Bari Babu Kowa a Vom

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata Rukayya,

Ina gaishe ki gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki lafiya, Ya kuma sanyaya miki zuciyar da na ɓata. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, amma ga ni ina rubuto miki wasiƙa kamar wadda take Legas. Kin san halina. In na buɗe baki faɗa ke fitowa, in na riƙe biro ne nakan ɗan yi hankali.

Ran Lahadi kin durƙusa kin gaya mini za ki koma Vom, ke da ƙawarki ta jami'a Simi, 'yar Pam, ku haɗa hannu ku yi kiwon shanun madara. Na ce miki ba da yawuna ba. Babarki ta ce kin ɗaure kaya, amma kin rantse ba za ki taka ƙofa ba sai na sa albarka, ita kuma Simi ba za ta iya jira ya wuce Asabar ba, domin mai filin yana da wasu masu so. To, ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki kwance kayan nan.

Tun kina ƙarama kike jin ina cewa Pam ya ci amanata. Na faɗa a tsakar gida, na faɗa a majalisar ƙofar masallaci, na faɗa har na yarda da kaina. Ba haka aka yi ba, ko kuma in ce ba haka kawai aka yi ba.

Kafin a haife ki, ƙaramar hukumarmu tana hannun babbar jam'iyya, kuma ba don ana son ta ba. Mu mutanen kasuwa da ɗinki da tasha, waɗanda kakanninmu suka zo haƙar kuza, muna da 'yar jam'iyyarmu. Su Pam, 'yan ƙasa manoma da ma'aikata, suna da tasu. Kowane zaɓe sai mu soke juna, wani ya bi ta tsakiya ya wuce. Ciyaman ɗin lokacin a Rayfield, unguwar masu kuɗi, yake zaune, ba ya leƙo sakatariya sai ƙarshen wata. Ni kuwa ina koyarwa a sakandare, ina taƙama ni ne na farko a zuriyar teloli da ya shiga jami'ar Jos da ke Titin Bauchi ya fito da digirin kimiyyar siyasa. Na san sunan kowane irin mulki da aka taɓa yi a duniya. Maƙwabcina ne kawai ban sani ba.

Pam ma'aikacin dabbobi ne, mai yi wa shanu allura. Shi ya neme ni, ya same ni wajen mai shayi, takalminsa duk taɓo. Bai yi dogon zance ba. Ya ce, "Malam, ku kuna da ƙuri'ar kasuwa, mu muna da ƙuri'ar gona. Wanda ke cin mu ba shi da ko ɗaya." Na yi dariya, na ce wa mai shayi ya ƙara masa madara. Daga teburin nan ƙawancen ya fara. Aka shirya shi ciyaman, ni mataimaki, kansilolinmu su haɗe su zama masu rinjaye.

Muka ci, Uwata. Ban taɓa ganin rana irin ranar rantsuwa ba. 'Yan zumuntar mata na coci sun zo da anko da tulunansu na kiɗa, matan Islamiyya sun zo da hijabansu, aka rasa wurin zama suka cuɗe a benci ɗaya. Liman ya buɗe taro da addu'a, fasto ya rufe. Ba na so ki ɗauka wasan kwaikwayo ne kawai, mun yi aiki. Mun gyara hanyar da ake fito da dankalin turawa daga ƙauyuka, mun yi kwalbati a inda ruwa ke cinye yara duk damina. Wata rana labari ya zo cewa shanu sun shiga gonar wani, matasa sun fara tara duwatsu a ɓangarori biyu. Ni da Pam muka shiga mota ɗaya muka je, muka fito ta ƙofa ɗaya, muka tsaya a tsakiya. Shi ya zagi nasa, ni na zagi nawa. Aka watse ba a fasa ko gilashi ba. Wanda bai zauna a Jos ba ba zai san girman wannan ba.

Akwai mahaifiyar Pam, Ngo Kachollom, tsohuwa 'yar ƙarama mai kaifin ido. Ranar da na fara zuwa gidansu a Vom ta sa aka sayo sabuwar tukunya, aka kira wani mahauci Musulmi ya yanka kaza, ta dafa mini gwaten acca da hannunta, don kada in ci da shakka. Ta ajiye tukunyar nan daban, ba a dafa komai a ciki sai in zan zo. Tana kira na ɗanta na cikin gari. In na daɗe ban je ba sai ta aiko Pam ya tambaye ni ko tukunyata ta yi mini laifi ne.

Kuskurena na farko tun ranar farko na yi shi, kuma da ilimina na yi shi. Ni na tsara ƙa'idar ƙawancen, na kira ta "ɗaya nan, ɗaya can". In aka haƙa rijiyar burtsatse a unguwarmu, dole a haƙa a tasu, ko da kan dutse ne babu ruwa. In aka ɗauki masinja Musulmi, a ɗauki Kirista. Motar ofis ɗaya ce amma direbanta biyu, suna karɓa-karɓa suna harara. Na karanta wa Pam wannan tsari ina jin kaina. Ya saurara, ya sosa ƙeya, ya tambaye ni to in aka ba mu saniya ɗaya fa? Na ce sai a yanka a raba daidai. Ya ce, "To nonon fa, Malam?" Na ɗauka ba'a ce irin ta masu shanu. Na ce masa wannan ba harkar turke ba ce, harkar mulki ce.

Abin da tsarin nan ya koya wa mutanenmu shi ne ƙidaya. Kowa ya daina tambayar ko an yi aiki, ya koma tambayar nawa aka ba su, nawa aka ba mu. Mun raba komai biyu har ba a bar wani abu da za mu ce namu ne mu duka ba. Saboda haka, Uwata, ke da Simi kada ku raba garke ku ce waɗannan naki waɗancan nawa. Ku yi magana a fili kan haƙƙin kowa, wannan wajibi ne, amana ba ta hana bayani. Amma saniyar da ta yi ciwo ta zama ta ku biyu, wadda ta haihu ma ta ku biyu. Ranar da kika ji kanki kina lissafin wa ya fi tashi da asuba a wannan mako, ki san cewa ciwon ubanki ne ya motsa a jininki.

Sai aka ba mu saniya ɗayar. Wata ƙungiyar agaji ta ce za ta gina mana ɗakin sanyi na adana dankali da tumatir, guda ɗaya tak. Manomansu na bukata, dillalanmu na bukata. Pam ya ce a gina a mararraba, inda hanyar gona ta haɗu da babban titi. Duk mai hankali ya san nan ne wurin. Sai dai filin mararraba a mazaɓar wani kansilansu yake. Mutanena suka cika mini gida: ina namu? Ɗaya can, ina ɗaya nan? Ni na koya musu waƙar, ba ni da bakin hana su rerawa.

A daidai lokacin ne wani jigo na babbar jam'iyya ya fara nemana. Ba zan rubuta sunansa ba, Alhaji kawai za ki ji na ce, yana nan da rai yana gaba a sahun masallaci. Ya riƙa aiko mota a kai ni gidansa a Rayfield, inda ciyawar tsakar gida ta fi yaran unguwarmu shan ruwa. Ba ya taɓa zagin Pam kai tsaye. Yabona yake yi. Ya ce bai taɓa jin mai tsara magana irina ba, ya ce abin tausayi ne mai digiri yana tafiya a bayan mai yi wa shanu allura, sai ya kama kwaikwayon Hausar Pam ana dariya. Ni ma na yi dariyar, da naman Alhaji a bakina. Ya ce in aka tsige Pam, wa doka ta ce ya hau? Ya bar ni da tambayar na tafi da ita gida.

Wannan shi ne kuskurena na biyu. Ban taɓa gaya wa Pam ina zuwa Rayfield ba, alhali garin nan ba a ɓoye mota. Da na same shi na ce ga abin da ake faɗa mini, da mun yi dariya tare maganar ta mutu. Za a zo miki ke ma. Wata za ta ce ke kika fi Simi sanin aikin, wani zai ce mutanen nan ba a haɗa dukiya da su. Ita ma nata za su gaya mata irin wannan a kanki, kada ki yi shakka. Duk wanda bai iya yabonki sai ya taka abokiyar aikinki, ba ke yake so ba, garken yake so ya watse. Abin da aka gaya miki da safe ki kai wa Simi kafin ku gama tatsar yamma, ko da zai yi ɗaci.

Na ukun ne ban taɓa gaya wa kowa ba, ko da yake babarki ta sani.

Ana cikin ja-in-jar ɗakin sanyi Ngo Kachollom ta rasu. Ranar da ta cika na je Vom, na yi wa Pam ta'aziyya, na zauna na ɗan lokaci na dawo. Kin san mu, mutum ya rasu da safe kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Su kuwa sukan ajiye gawa a mutuware sai dangi na nesa sun taru, sannan a sa rana, a kafa rumfuna, a yi addu'o'i, a yi jawabai, a binne. A wajensu ranar nan ita ce ranar. Gaisuwar farko share fage ce kawai. A Jos aka haife ni, na san wannan kamar yadda na san sunana. Pam da kansa ya shigo ofishina ya gaya mini Asabar ɗin da aka sa, ya ce dangi sun yarda ni zan yi magana a madadin 'ya'yanta, tunda ita ta ce ni ɗanta ne.

Alhaji ya sa taron kansilolinmu a gidansa a wannan Asabar, a wannan hantsi. Ba kuskure ya yi ba. Ya ce mini ai ka riga ka yi ta'aziyya, a addininmu an gama, me za ka je yi cikin waƙe-waƙen coci mutanenka suna kallo? Na riƙe maganar nan kamar fatawa, domin tana ba ni abin da nake so. Ba addini ne ya hana ni ba, Uwata, kada ki bari kowa ya gaya miki haka. Limamin unguwarmu ya je, ya zauna a gefe har aka tashi. Kwaɗayin kujerar Pam ne ya hana ni zama a kujerar da Pam ya ajiye mini.

Babarki ta ce in ba zan je ba ita za ta je. Ta goya ki ta shiga motar haya. Ita ta ba ni labari da ta dawo, tana kwance goyo ba ta kallona. Ta ce an jera kujerun manya a rumfar gaba, an ajiye ɗaya a hannun daman Pam, an liƙa mata takarda da sunana. Wuri ya cika, dattawa suna tsaye a rana, amma duk wanda ya nufi kujerar nan sai Pam ya ɗaga hannu ya ce mai ita yana hanya. Fasto ya ja waƙa, ya ƙara wata, ana duban titi. Da aka zo wurin jawabin 'ya'ya aka kira sunana a lasifika, aka sake kira. Ta ce ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Har aka sa tsohuwa a rami kujerar tana nan babu kowa, gaban duk mutanen da Pam ya yi shekaru yana gaya wa cewa Hausawan nan 'yan'uwa ne, shi ya gani da idonsa.

Ran Litinin Pam ya leƙo ofishina. Na miƙe na fara haɗa uzuri, na ce wani taro ne na gaggawa. Bai bari na gama ba. Ya ce, "Malam, an dafa naka a tukunyarka. Ya huce." Ya ja ƙofa a hankali. Maganar ƙarshe ke nan da ta shiga tsakanina da shi ba ta bakin wani ba.

Sauran labarin gajere ne, rushewa ba ta ɗaukar lokaci kamar gini. Kansilolinsa suka daina zama in nawa suna zaure. Nawa suka sa hannu a takardar tsige shi, nasa suka kawo ta tsige ni. Direbobin nan biyu suka yi dambe a kan makulli. Albashi ya tsaya, shara ta cika kasuwa. Daga sama aka ce tunda mun kasa, an rushe majalisar, aka turo kantoma. Kantoman surukin Alhaji ne. Masu ɗakin sanyi suka gaji suka kai shi wani wuri. Je ki mararraba lokacin kakar tumatir ki ga kwanduna suna ruɓewa a bakin titi, wannan aikina ne. Na kira Alhaji a waya har na gaji, yaronsa ya ce oga yana hutawa. Yana hutawa har yau. Da fitina ta sake tashi a garin bayan haka, babu wasu mutum biyu da za su shiga mota ɗaya su je. An ƙona shagon kakanki a lokacin, an ƙona gidan ƙanwar Pam. Ban ce da muna tare da mun hana ba. Amma ba mu ma gwada ba.

Kada ki ɗauka Pam waliyyi ne. Yana da taurin kai irin na dutsen garinsu. Da na aika dattawa daga baya, a makare, ya bar su a tsaye. Ya faɗi maganganu a kaina a gaban jama'a waɗanda har yanzu in na tuna sai barci ya ƙaurace mini. Waɗannan na riƙe nake nuna muku, na ɓoye kujerar. Shekarun nan duk na yi su ina zagin siyasa da 'yan siyasa, kuma ban janye ba, yawancinsu ba su cancanci gaisuwa ba. Digirina yana cikin akwati, asu ya ci gefensa, ban ga abin da ya tsinana mini ba. Amma da kika ambaci sunan 'yar Pam ran Lahadi ba fushi ne ya kama ni ba. Kunya ce. Na ji tsoron ki je Vom wata tsohuwa ta dube ki ta ce, a'a, 'yar mai kujera ce.

Za su faɗa kuwa, ƙauye ba ya mantuwa. In sun faɗa kada ki kare ni, kada kuma ki sunkuyar da kai. Ki ce haka ne, amma babata ta zo, kuma ina bayanta.

Ga abin da nake so ki riƙe. Ki tsare sallarki a kan lokaci, ba wanda zai raina ki don ita, Ngo ma sabuwar tukunya ta saya ba ta ce in bar addinina ba. Ran Lahadi ki ɗauke wa Simi tatsar safe ta je coci, ita ma za ta ɗauke miki a azumi ba sai kin roƙa ba. In sun yi biki ki je. In sun yi rashi ki je ranar farko, ki kuma koma ranar binnewa, ki nemi gefe ki zauna har a tashi, ko da shanu za su kwana ba a tatsa ba. Abin da za ki iya ci ki ci, wanda ba za ki iya ba ki yi godiya. Kuma in kin yi mata laifi ki je da ƙafarki tun abincin bai huce ba, kada ki aika dattawa. Sanyin Vom ya fi na nan, ki ɗauki bargona mai kauri, babarki ta san inda yake.

Na janye maganata ta ran Lahadi. Ki tafi da yawuna, na sa miki albarka duniya da lahira. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ki daga sharrin mai yabo da mai zuga, Ya sa albarka a turkenku, Ya sa ku fi iyayenku hankali, wannan ma ba zai yi wuya ba. Allah Ya zaunar da garin nan lafiya, Ya kai ki lafiya Ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Saura aike ɗaya. Na ji an ce Pam ba ya fita yanzu, ɓarin jikinsa ya shanye, yana wuni a ƙofar gida. Kafin ki sauke kaya ki je ki durƙusa ki gaishe shi, ki kira shi Baba. In ya tambaye ni, ko bai tambaya ba, ki ce masa Haruna ya ce zai zo ran Asabar mai zuwa a motar haya, a nuna masa inda Ngo take kwance. Ki ce ba sai an dafa komai ba, ba sai an ba shi kujera ba. Zai tsaya.

Mahaifinki,
Haruna